Bita ko ubangida: ta ina mai hoton biki zai shiga hoton fasaha?

Ɗan_Fagge:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna, kuma alhamdu lillahi ana samun na cefane. Abin da nake so yanzu shi ne in shiga irin hoton da ake ratayewa a gidan baje koli, wanda mutum ke ɗauka don abin da ke ransa, ba don amarya ta ce a gyara mata fuska ba. Kayan aikina kyamara ce mai megafiksel 24, da lens ɗin da ta zo da shi mai 18-55, sai 50mm guda. Ina ganin tallan bita ta kwana uku ko mako guda a Legas da Abuja, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne in ka haɗa da na mota da masauki. Wasu kuma na cewa kada in ɓata kuɗi, in nemi wani babba in zauna ƙarƙashinsa. Wanne ya fi? In bitar ce, yaya ake gane ta ƙwarai? In ubangida ne, yaya ake tunkararsa, kuma me ake yi a zaman?

Baƙi_da_Fari:

Wa alaikumus salam Malam. Kayan da ka lissafa sun isa, kada ka ƙara ko sisi a kan kyamara. Ka ɗaura 50mm ɗin, ka ajiye ɗayan don biki.

Kafin maganar bita, akwai abin da ya riga ta: ba ka da aikin da za ka kai. Bitar hoton fasaha ta ƙwarai ba wurin koyon afaca (buɗewar idon lens) da shata (saurin ƙyaftawar kyamara) ba ce, wannan ka riga ka iya tunda kana cin abinci da shi. Wuri ne da ake baje hotunanka a kan tebur mutane su zagaye su, a tambaye ka me ya haɗa wannan da wancan. Wanda ya je da hotuna masu kyau guda ashirin waɗanda babu abin da ya haɗa su, doki ɗaya, faɗuwar rana ɗaya, tsohuwa ɗaya, za a ce masa sun yi kyau, ya dawo gida kamar yadda ya tafi.

Saboda haka ka zaɓi batu ɗaya, ƙarami, wanda ƙafarka za ta iya kai ka wurinsa sau biyu a mako. Ba "rayuwar Kano" ba, wannan ya yi faɗi. Hannayen marina a Ƙofar Mata. Ƙofofin gidajen ƙasa da ake rushewa a unguwa guda. Masu wankin hula da ƙwaryar da suke kifa hulunan a kai. Ka sa wa kanka doka uku ka tsaya a kansu: lens ɗaya, lokaci ɗaya na yini, sannan ko mai kala ko baƙi da fari, ba gauraye ba. Dokar nan ce ke sa hotuna su zama 'yan gida ɗaya. Dubi J.D. 'Okhai Ojeikere, mai hoto ɗan Najeriya. Tun 1968 ya kama ɗaukar kitson mata, baƙi da fari, bango ba ado, galibi daga bayan kai, har suka kai kusan dubu. Kowanne shi kaɗai hoton kitso ne. Haɗuwarsu ce ta kai su babban baje kolin fasaha na birnin Benis da ke Italiya a 2013.

Ka ba aikin wata uku zuwa shida. Daga nan sai tankaɗe da rairaya, wanda shi ne ainihin abin da ake biyan kuɗin bita a koya. Daga duk abin da ka ɗauka ka fitar da kamar 100, ka wanke su ƙanana, inci 4 da 6, irin na situdiyon unguwa. Kada ka yi zaɓen a waya ko a kwamfuta, domin a can ɗaya bayan ɗaya kake gani, ba ka ganin maimaici. Shimfiɗa su a tabarma, ka rage zuwa 40. Manna 40 ɗin a bango su kwana bakwai kana wucewa kana kallo. Waɗanda suka gundure ka za su nuna kansu. Ka rage zuwa 15 ko 20. Inda kowa ke tuntuɓe shi ne hoton da ya sha wahala kafin ya same shi: ka tashi da asuba, ka hau katanga, saboda haka ba ka iya cire shi, alhali mai kallo bai ga asubar ba, bai ga katangar ba. Aikin malami ke nan, ya zare shi ba tare da jin tausayinka ba.

Ita kuma bitar, ka tambayi masu shiryawa abu huɗu kafin ka biya. Mutum nawa ne a aji? In sun wuce 12 ga malami ɗaya, ba za a ba hotunanka fiye da 'yan mintoci ba. Ana neman ka turo aikinka kafin a karɓe ka? In kowa ake ɗauka muddin ya biya, aji zai cika da masu tambayar wane maɓalli ne na ISO, wato ma'aunin karɓar haske na kyamara. Awa nawa aka ware don duba aikin mahalarta, nawa kuma don malami ya nuna nasa? Wasu bitocin rabinsu malamin ne ke haska hotunansa ana tafi. Sannan akwai wani zama bayan an tashi, ko da ta intanet ne bayan wata ɗaya ko biyu? Ka kuma nemi ganin aikin waɗanda suka halarta a baya. In duk sun fito da hoto iri ɗaya da na malamin, ka riƙe kuɗinka. In tallan ya fi ƙarfi a kan satifiket da 'yan mata masu kwalliya da za a kawo a ɗauka, wannan bitar hoton kasuwa ce, tana da amfaninta, amma ba ita kake nema ba.

Hajiyar_Tawada:

Malam Baƙi_da_Fari ya faɗi gaskiya, amma ya tsallake rabin sana'ar. Hoton fasaha a takarda yake ƙarewa. Wanda zai saya, takarda zai saya ya rataye, ba abin da ke cikin wayarka ba. Ni ra'ayina, bitar da za a gama ba a wanke hoto ko ɗaya an riƙe a hannu ba, ta yi rabin aiki.

Matsalar farko da kowa ke cin karo da ita: hoto ya fito a takarda ya yi duhu, a zagi mai firinta. Sau da yawa laifin allon kwamfutarka ne, ya cika haske, sai ka yi ta rage hasken hoton don ya yi maka daidai a ido. Ana saita hasken allo tsakanin 80 zuwa 120 na ma'aunin cd/m², gama (yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari) 2.2, launin farin kuma D65 (irin na hasken rana), da 'yar na'urar da ake rataya a fuskar allon, irin Spyder ko Calibrite. Mutum biyar za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, tunda sau ɗaya a wata ake buƙatarta. In babu, buɗe farin shafi, ka riƙe farar takarda kusa da allon a hasken ɗakin da kake aiki, ka rage haske har su yi kusa da juna. Ba daidai ba ne cif, amma ya fi barin allo a ƙure.

Girma kuma lissafi ne. Kyamararka tana ba da fiksel 6000 da 4000. In ka raba da 300 a kowane inci, ka samu inci 20 da 13 da ɗoriya, wato A3 ta zauna lafiya har da farin gefe. In ka yanke rabin hoton a wurin gyara, ka yanke rabin wannan girman ke nan, don haka ka tsara hoton tun a cikin kyamara. Ɗauka a RAW (ɗanyen fayil ɗin kyamara), gyara a 16-bit (saitin da ya fi riƙe launi), ka fitar da TIFF (fayil ɗin da ba ya rage ingancin hoto). Kada ka tura wa mai wanki ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi. A filasha ko a matsayin fayil. Wanda ba shi da kuɗin manhajar gyaran hoto ta Lightroom, darktable da RawTherapee kyauta ne kuma suna aikin.

Ka tambayi mai wanki wace tawada yake amfani da ita. Akwai ta rini, akwai ta gari wadda suke kira figment. Ta rini tana da ƙyalli amma tana koɗewa da wuri in haske na dukanta. Ta garin ita ake nema don aikin da za a sayar. Sannan kowace takarda tana da fayil ɗinta na ICC, wato bayanin yadda launi ke fita a kanta, da ya dace da firintar. Ka karɓe shi ka sa a manhajarka ka ga yadda hoton zai sauya kafin a taɓa takarda. Takardar auduga mara ƙyalli, irin Hahnemühle Photo Rag mai giram 308, tana da laushi a ido kuma tana son launin ƙasa da na hazo, amma baƙinta ba ya zurfi sosai, sai inuwa ta cushe ta zama dunƙule ɗaya. Hoton baƙar fata a cikin zaure mai duhu ya fi son takardar barita mai ɗan sheƙi, wadda ke riƙe bambanci a cikin inuwa. Kada ka wanke babba kai tsaye. Yanki tsiri daga wurin da ya fi wuya, fuska da inuwa da farar riga, a buga shi a ainihin girmansa, ka kai shi bakin taga ka duba. Bayan an wanke a bar shi ya sha iska awa 24 kafin a sa a firam, kuma kada gilashi ya taɓa fuskar hoton, a sa kwali mara asid a tsakani. In ba haka ba, damina ɗaya ta isa ta manne su.

In ka kai ga sayarwa, ka yanke adadin kwafi tun farko, misali 5 na sayarwa da 2 naka na ajiya. Ka rubuta a baya da fensir, ba biro ba: sunan aikin, shekarar ɗauka, shekarar wanki, lamba kamar 2/5, da sa hannu. In ka ce 5, to 5 ɗin ne har abada a wannan girman. Wanda ya buga na shida ya kashe kasuwarsa da hannunsa, domin masu saye suna magana da juna.

Ɗan_Damagaram:

Gaisuwa ga kowa. Zan taɓa ɓangaren ubangida, tunda an yi na bita.

Ba sabon abu ba ne a wannan sana'a. Malick Sidibé, mai hoto ɗan Mali, yaron shago ya fara a situdiyon wani Bafaranshe a Bamako a 1955, shi ne kuma aka ba lambar Zinariyar Zaki, babbar lambar yabon baje kolin Benis, a 2007. Amma a lura, zaman shago irin na da da jagoranci irin na yau ba ɗaya ba ne. In ka je kana riƙe wa mutum fitila da jaka, za ka koyi yadda yake aikinsa. Kai kuwa abin da kake nema shi ne wanda zai kalli naka aikin.

Yadda ake tunkara: kada ka aika "ranka ya daɗe ina so ka zama ubangidana". Wannan nauyi ne mara iyaka, mutum zai yi shiru. Ka aika hotuna 12 zuwa 15 a fayil ɗaya na PDF, a jere yadda kake so a kalle su, da bayani da bai wuce kalma 200 ba: me kake ɗauka, a ina, tun yaushe, me ya kai ka. Sannan tambaya ɗaya tak da za a iya amsawa, misali waɗanne uku zai cire. Ka nuna ka san aikinsa, ka ambaci wani jerin hotunansa da dalilin da ya sa shi ka nufa ba wani ba. In ya amsa, ka yi abin da ya ce, ka dawo bayan wata guda da sabon aiki. Dawowar nan ita ke mai da amsa ɗaya ta zama jagoranci. Galibin mutane ba sa dawowa.

In abin ya zauna, ku yi magana a fili kan zama nawa, tsawon wane lokaci, da kuɗi ko babu. Zama ɗaya a wata na awa ɗaya zuwa biyu, na wata shida ko shekara, ya wadatar. Fiye da haka ba za ka samu lokacin ɗaukar sabon abu a tsakani ba. Ka tura hotunan kwana biyu ko uku kafin zama. A zaman ka yi shiru ka rubuta. Hoton da sai ka yi masa bayani na minti biyar kafin a gane shi, bai yi ba. Ka kai har waɗanda ka zubar, domin malamin ƙwarai yakan so ganin abin da ka ɗauka kafin hoton da ka zaɓa da kuma bayansa, a nan yake gane ko kana matsawa kusa, ko kana danna sau biyu ka gudu don kunya.

Abu biyu ke ɓata wannan alaƙa. Na farko kwaikwayo: bayan wata shida sai hotunanka su koma ƙannen nasa. Maganinsa ka riƙa nuna aikin ga mutum na biyu mai ido daban, ko da mai zane ne ko marubuci. Na biyu haƙƙin mallaka. Hoton da ka ɗauka don aikinka naka ne ko da shi ya ba ka shawara. Wanda ka ɗauka kana yi masa aiki a matsayin yaro, wannan ku rubuta tun farko. Kada ka ba kowa fayil ɗinka na RAW.

Wuraren da ya kamata ka sa ido a kansu don sanarwar neman mahalarta: Rencontres de Bamako, wanda aka fara a 1994, shi ne babban taron masu hoto na Afirka, kuma ɗan Faransanci kaɗan yana taimako a can. LagosPhoto tun 2010. Addis Foto Fest da Aida Muluneh, mai hoto 'yar Habasha, ta kafa, shi ma 2010. Nlele Institute a Legas, horar da masu hoto ne aikinsu. Market Photo Workshop a Johannasbag, wanda mai hoto David Goldblatt ya kafa a 1989, a nan fitacciyar mai hoto Zanele Muholi ta yi karatu, kuma suna da tsarin haɗa matashi da jagora ya yi aiki guda har ya kai baje koli. Duk waɗannan da jerin hotuna da gajeren bayani ake nema, wato dai abin da Malam Baƙi_da_Fari ya ce ka fara haɗawa. Ka kuma nemi aikin Philippe Koudjina da ya ɗauki Yamai a shekarun 1960 da 1970, da na Fati Abubakar a kan Borno, don ka ga abin da ido na gida ke gani a ƙasa irin taka.

Ɗan_Fagge:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Hajiya, in babu mai irin wannan firinta kusa fa? Sannan tun shigowar hunturu ina ganin ɗige-ɗige a sararin sama a hotunana, kuma in mutum ya sa farar shadda da rana, ko fuska ta yi baƙi ƙirin ko rigar ta ƙone.

Hajiyar_Tawada:

Ɗigon ƙura ce a kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara. Sa afaca a f/16 ko f/22, ISO 100, ka ɗauki farin bango ba tare da saita fokas ba, za su fito ɓaro-ɓaro. Wanda ka gani a saman hoto yana ƙasan sensa ne, domin a juye take karɓar hoton. Ka kifa kyamarar, bakinta na kallon ƙasa, ka hura da 'yar robar hura iska. Ban da baki, ban da auduga, ban da gefen riga. In ya ƙi, sai tsinken goge sensa daidai girmanta da ɗigo ɗaya ko biyu na ruwansa, shafa ɗaya a kowane gefe, a jefar. Daina canja lens a waje lokacin hazo. Da damina kuma abokin gaba fumfuna ne: robar abinci mai murfi da ƙullin silika mai shanye danshi a ciki ta fi jakar da ke rataye a bango.

Farar shadda: kyamara tana ganin fari mai yawa sai ta rage haske, fuska ta tafi. Auna hasken a kan rigar kaɗai, ka ƙara haske mataki ɗaya da rabi zuwa biyu, ka duba histogiram, wato zanen da ke nuna yawan haske a allon kyamara, kada ya manne a bangon dama. Inuwa ana ɗaga ta a RAW, farin da ya ƙone kuwa ba ya dawowa. Mafi sauƙi ka janye mutumin zuwa bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa, ko ka jira bayan la'asar. Farin kwali a ƙasan haɓa yana cike inuwar ido.

Firinta kuma, ƙananan na zaɓe kowane situdiyo zai yi. Manyan 15 ɗin ka tara ka tura Legas ko Abuja sau ɗaya, bayan an aiko maka tsirin gwaji. Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar firinta mai tsada, wato sayanotaif, wankin hoto shuɗi da hasken rana, wanda masanin kimiyya John Herschel ya ƙirƙiro a 1842. Giram 25 na sinadarin ferric ammonium citrate, kore, a ruwa mililita 100 a kwalba ɗaya. Giram 10 na sinadarin potassium ferricyanide a mililita 100 a wata kwalbar. Ka haɗa su daidai wa daida, iya wanda za ka yi amfani da shi a ranar. Shafa a takardar zanen ruwa mai kauri da buroshi mara ƙarfe, a ɗaki mai ƙarancin haske, ta bushe a duhu. Ka juya hotonka ya zama nagatif, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, a buga shi a farar leda mai gani-har-hanji, ka kifa a kan takardar, ka danne da gilashi, ka kai rana. Ranarmu tana da ƙarfi, don haka yi gwaji da kwali kana janyewa duk minti biyu har ka gano lokacinka. Wanke da ruwa kamar minti biyar har rawayan ya fita. In shuɗin ya koɗe a wurin wanki, ko rana ba ta isa ba, ko ruwan yana da kanwa-kanwa, ko takardar ce aka sa wa alli. Ɗan ruwan binega a ruwan farko yana gyara na ruwan. Sa safar hannu, kuma kada sinadarin nan na biyu ya haɗu da asid mai ƙarfi kamar ruwan batir, iska mai guba yake fitarwa.

Baƙi_da_Fari:

Hajiya, sayanotaif yana da kyau, amma ina tsoron ya shagala da shuɗi kafin ya san me yake ɗauka. Komai aka wanke da shi yana yin kama da fasaha, har hoton da ba shi da komai a ciki. Ya bari sai jerin ya tsaya da ƙafarsa.

Malam Ɗan_Fagge, saura izini, wanda ba kowace bitar Legas za ta koya maka yadda ake yinsa a nan ba. Je wurin sau biyu ko uku ba kyamara. Gaida sarkin sana'ar ko mai unguwa, ka faɗi abin da za ka yi da hotunan, har da cewa ana iya rataye su a wani gari ko a sayar. Mata da yara sai da yardar su da ta masu gidan, almajirai kuma ta hannun malaminsu. Shingen jami'an tsaro da gine-ginensu ka kauce musu gaba ɗaya. Masu baje koli da yawa suna tambayar takardar yarda, saboda haka ka rubuta gajeriya da Hausa, ko ka ɗauki muryar mutum a waya yana amincewa, da suna da rana. Duk wanda ka ɗauka ka mayar masa da kwafi ɗaya a zuwa na gaba, a nan ne ake daina tsayuwar hoto a ci gaba da aiki kana gefe.

Fayilolinka su zauna wuri biyu aƙalla, ɗaya ba a gidanka ba, kowane babban fayil da shekara da wata da rana da sunan wuri. In ka haɗa 40 ɗin farko, ka sa su nan a shafi ɗaya, kowanne da lamba a ƙasansa, mu taya ka ragewa.